Allurar rigakafi daga ciki har yaye: yadda ake bin ta mataki-mataki a nan Tahoua

Salamu alaikum ƴan uwa mata, da ma mazan da ke karantawa a ɓoye. Tambayar nan ta yi yawa a kaina, a wurin suna, a biki, a salula, kullum sai wata ta ce min "ke da kika raini huɗu, wai allurar nan yaushe ake farawa, sau nawa ne, in na tsallake ɗaya ya zan yi". To yau na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Ni ba lokotoro ba ce, uwa ce da ta sha zaman benci a CSI, wato likitar gwamnati ta unguwa, har ta haddace tsarin, dan haka duk inda maganata ta saɓa da abin da sajfam (ungozomar likita) ko majo (babban ma'aikacin CSI) suka rubuta miki a karne, wato ɗan littafin awo da allura, nasu za ki bi.

Abin da na lura da shi shi ne yawancinmu ba ƙin allura muke ba, lissafin kwanaki ne ke kuɓuce mana. Shi ya sa zan ɗaura kowace allura bisa abin da muka riga muka saba ƙirgawa, suna, arba'in, rarrafe, yaye.

1. Awon farko, tun ciki bai fito ba

Kuskuren farko shi ne ɓoye ciki. Mun saba sai ya kai wata shida ko bakwai, zane ya daina rufe shi, sannan a je likita, wai kunya ko tsoron baki. Ƴar uwa kunyar nan tana cin kwanakin da allura ke buƙata. Da kin ga wata biyu sun wuce ba ki ga al'ada ba ki je CSI ɗin unguwarku, ko Garkawa kike ko Wadata ko Koufan Tahoua, in ƙauye ne ki je ƙaramar likitar da ta fi kusa. Ba sai duk gida sun sani ba, ke da maigida kun isa.

Ranar za a buɗe miki karne, a auna nauyi da hawan jini, a duba jini da fitsari, a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, sau da yawa har da sange. In kina da tsohon karne na cikin baya ki tafi da shi, wannan muhimmi ne ƙwarai, dalilin yana mataki na biyu.

Maganar kuɗi: tun 2006 gwamnati ta sa awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 cikin abin da ba a biya, kuma alluran rigakafin nan kyauta ne. Amma kar ki fita hannu wofi, akwai kabu-kabu zuwa da dawowa, wata rana a rubuto miki wani awo ko magani da ya ƙare a wurin. Ni jika guda nake ƙullewa a bakin zane, in ta dawo gida alhamdu lillahi.

2. Allurar tetanus ta mai ciki

Ita ce wadda a tsofaffin karne za ki ga an rubuta VAT, yanzu kuma Td, saboda an haɗa ta da ta mashaƙo. A dantse ake yi. Amfaninta biyu ne, tana kare ki lokacin haihuwa, kuma kariyar tana bi ta mahaifa ta shiga jikin jariri, ya fito da ita. Jaririn da tetanus ya kama ta cibiya yakan sha nono lafiya kwana biyu na farko, sannan tsakanin kwana 3 da sati biyu ya daina kama nono, baki ya ɗaure, jiki ya sandare yana zabura, mu ce iska ce ko maita, alhali ƙwayar cuta ce da ta shiga ta reza mai datti ko abin da aka shafa ma cibiya. Kaɗan ne ke tashi daga wannan.

Tsarinta guda biyar ne a rayuwar mace:
ta farko, ranar awon farko;
ta biyu, sati 4 bayan ta farko;
ta uku, wata 6 bayan ta biyu;
ta huɗu, shekara guda bayan ta uku;
ta biyar, shekara guda bayan ta huɗu.

Gargaɗi: ta farko ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an yi ta biyu, kuma ta biyun ta samu aƙalla sati biyu kafin haihuwa, sannan jariri ke samun kariya. Kin ga wadda ta fara awo a wata tara ta makara kenan. Sannan biyar ɗin nan tarawa ake, ba a sake lissafi daga farko a kowane ciki, shi ya sa na ce ki kai tsohon karne. Na san mata da suka haihu shida, kowane ciki ana yi musu "ta farko da ta biyu" saboda ba su da takardar da za ta nuna abin da aka riga aka yi. Wadda ta cika biyar ta samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarta.

Dantse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, daka zai yi wuya, shi kenan. Ba ta zubar da ciki, ba ta hana haihuwa, ni an yi min ita na haifi huɗu ga su nan suna cika min kunne. In watan azumi ne kar ki ɗage randebu, malamai da yawa sun ce allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, ki tambayi malaminku hankalinki ya kwanta.

A wurin awon nan kuma, daga wata na huɗu, za a riƙa ba ki ƙwaya uku na rigakafin masassarar sauro ki haɗiye a gabansu, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki ci wani abu kafin ki fito gida. Kuma in an zo kamfen na wata allura a unguwa, ki faɗa musu kina da ciki tun kafin su kama hannunki, akwai irin su ta ƙyanda da ta shawara da ba a saba yi ma mai ciki ba.

3. Ranar haihuwa zuwa suna

Biyu ake ba jariri: BCG, ta tarin fuka, a fatar hannun hagu, da ɗigon shan inna a baki. In a likita kika haihu ki tambaya kafin a sallame ku, "an yi mishi BCG? an ɗiga mishi?" kuma ki ga an rubuta.

In a gida kika haihu, a nan ne matsala take, domin uwar miji za ta ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. To ɗigon nan na farko cikin sati biyu na farko ake ba da shi. Ba dole sai ke ba, kaka ko gwaggon yaro ko uban da kanshi su naɗe shi su kai shi su dawo, awa biyu ne. Ki sa a ranki: kafin a yanka ragon suna, a ce hannun yaro ya samu BCG. Ga shi ranar suna wanzami zai zo da askarshi, ku tabbata reza sabuwa ce fil daga takarda, kuma cibiya kar a sa mata toka ko man shanu ko ƙasa, a bar ta a bushe, in an ba ku abin shafawa a likita shi kaɗai.

Gargaɗi: ba kullum ake BCG ba. Kwalba guda ta yara 20 ce, kuma in an haɗa ta da ruwanta, bayan awa 6 zubarwa ake, dan haka CSI da yawa suna ware mata rana guda a sati su tara jarirai. Na sha wannan da ɗiyata ta biyu, na tura ƙanwata da jaririya cikin rana ta dawo ba a yi ba, wai ba ranar ba ce. Ki tura yaro ya tambayo ranar tukuna, ko ki tambayi rele na unguwarku, wato mai kai saƙon likita gida-gida. Kuma da sassafe ake zuwa.

Bayan sati biyu zuwa huɗu wurin zai yi ɗan ƙurji, ya yi ruwa, ya fashe, ya bushe, ya bar tabo. Haka ake so. Kar ki matse, kar ki gasa da tsumma mai zafi wurin wanka, kar ki barbaɗa mishi garin kafso. In kuma hammata ta kumbura ta yi kaluluwa babba, ki kai shi a gani.

4. Arba'in da kwana biyu: sati 6, sati 10, sati 14

Nan ne zuciyar aikin, kuma lissafinshi da sauƙi. Sati 6 kwana 42 ne, wato kin gama arba'in, kin yi kitso da lalle, kwana biyu bayan nan ki saɓa goyo sai CSI, tun kafin ki fara yawon gaishe-gaishen dangi. Daga nan wata guda ki koma, wata guda kuma ki sake komawa. Zuwa uku kenan, tsakanin kowane sati 4.

Abin da ake yi: akwai Penta, allura guda mai maganin cuta biyar, mashaƙo, tetanus, tarin lala, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. Akwai Pneumo ta ciwon huhu, wanda ke sa haƙarƙarin yaro yana shiga yana fita. Su biyun a cinya ake yi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace sau uku. A baki kuma ɗigon shan inna kowane zuwa, da Rota ta zawo mai tsanani, wadda ake farawa tun sati 6 kuma ta watannin farko ce, ba ta son jinkiri. A sati 14 sai a ƙara allurar shan inna, ita ma a cinya, za ki ga an rubuta VPI.

Na san ranar nan ba ta da daɗi. Ki ga cinyar jariri ƴar mitsitsiya an soka mata allura biyu ko uku, ya ɗauke numfashi ya yi ja sannan kukan ya fito, ke ma hawaye ya cika miki ido. Ki zaunar da shi bisa cinyarki, ki riƙe gwiwar da kyau kar ya fizge, da an cire ki sa mishi nono. Ki sa mishi riga mai sauƙin ɗagawa, ki bar kayan gayu a gida. Bayan an gama kar ki yi tsalle ki hau kabu-kabu, ki zauna kamar minti 15 zuwa 30 a ga yadda jikinshi ya karɓa.

Gargaɗi: mafi yawan masu yankewa a nan suke yankewa. Penta ta farko ta sa yaro zazzaɓi, ya kwana kuka, maigida bai yi barci ba, da safe ya ce "ba za a sake kai min ɗa a jawo mishi ciwo ba". Malam, zazzaɓin kwana ɗaya ne ko biyu, alamar jiki yana koyon yaƙi ce. Guda ɗaya ba ta gina kariya, sai ukun. A 2023 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, jihar Damagaram ta fi shan wuya, cutar da ke toshe maƙogwaron yaro ya kasa numfashi, kuma tana cikin biyar ɗin da Penta ke tarewa.

5. Daren allura

Ki yawaita ba shi nono, ki rage mishi kaya, ki sa tsumma mai tsabta da ruwan randa bisa cinyar. Kar a murza, kar a gasa da ruwan zafi, kar a shafa man zafi. Ɗan ƙullutu da ke saura a cinya yana bajewa da kanshi cikin makonni. In jiki ya yi zafi, siron parasetamol, amma gwargwadon da ma'aikacin ya faɗa miki bisa nauyin yaro, ki tambaya tun kina can. Kar ki ba jariri asfirin, kuma dan Allah ki bar sayen magani wurin masu tallar shi cikin rana a tire.

Abin da ba a kwana da shi: jijjiga, zafin jiki mai tsanani da bai sauka, kuka mai ƙara da ya wuce awa uku ba tsayawa, fuska ko leɓe su kumbura, numfashi da ƙyar, ko yaro ya yi laushi ya ƙi nono. Ba kasafai ake gani ba, amma in kin gani ko tsakar dare ne ku tafi likita da karne a hannu.

6. Wata 6, sannan wata 9

Bayan sati 14 sai a samu dogon hutu, kuma hutun nan ne ke sa mantuwa. Ki ci gaba da kai shi awon nauyi. A wata 6, lokacin da ya fara zama kuma aka fara ba shi kunu, ana ɗiga mishi bitamin A, daga nan duk wata shida. Akwai kuma sabuwar allurar masassarar sauro da aka ƙaddamar a Gaya cikin Satumba 2024, sau huɗu ake yin ta, ki tambaya a CSI ɗinku ko ana yi a nan da watan da ake farawa. Ko an yi mishi, sange yana nan daram, da ƙwayoyin da ake rabawa gida-gida da damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5.

Wata 9, yaro na rarrafe yana kama bango: ranar ƙyanda ce, wadda muke ce ma dusa, tare da ta shawara da ta sanƙarau. Wannan randebu kar ki yi wasa da shi ko na sati guda. Ɗan maƙwabciyata wata 11 gare shi, an ce za a kai shi bayan an dawo daga biki a ƙauye, can ya kwaso ta cikin zafin watan Afrilu. Na shiga na same shi kwance bisa tabarma a ɗaki mai duhu, idanu sun yi ja sun manne da kwantsa, baki duk gyambo ya kasa kama nono, kakarshi ta hana a sa mishi ruwa a jiki wai ƙurajen za su koma ciki. Allah ya tashe shi, amma wata uku yana fama da zawo da rama, yaron da ya fara tsayuwa ya koma ko zama bai iyawa. Uwar har yau in ta tuna sai ta ce "wata biyu kawai na ɗage".

Sanƙarau kuwa mu ƴan Sahel ba sai an ba mu labari ba, duk rani da iska mai ƙura muna cikin fargaba, kuma waɗanda ke Yamai a 2015 sun tuna yadda aka rufe makarantu saboda shi. Allurar wata 9 ba ta rufe kowane irin sanƙarau ba, shi ya sa in an yi shelar kamfen ki sake kai shi. Ta shawara sau ɗaya ce ta isa har tsufa. In maigida na gardama ki tuna mishi, shi da zai tafi bida Abijan ai bai ƙetare iyaka sai da karnen allurar shawara, alhazai ma ba su hawa jirgi sai da ta sanƙarau, to wadda aka yi ma babba da gemu ita ce za a hana ɗanshi?

Gargaɗi: ta ƙyanda da ta shawara su ma in an buɗe kwalba awa 6 ne, dan haka suna da ranarsu. Ki tambaya, ki je da wuri.

7. Ta biyu ta ƙyanda, kafin yaye

Wajen wata 16 ake komawa. Wannan ita ce wadda aka fi mantawa, domin mu a tunaninmu wata 9 an "gama allura", yaro na gudu a tsakar gida, wata ma ta samu sabon ciki hankali ya koma can. Amma cikin yaran da aka yi ma ta farko akwai kaɗan da ba ta kama su ba, kuma ba a gane su da ido, ta biyun ce ke rufe wannan ƙofa. Ki ɗaure ta da yaye: kar ki cire yaro daga nono, kar ki kai shi gidan kaka yaye, sai kin duba karne kin ga an cika wannan layi. In kina da ciki, ranar awonki ki riƙo hannunshi ku tafi tare, ki tambaya ko za a yi mishi.

8. In an tsallake, in an yi tafiya, in karne ya ɓace

In kin makara da sati ko wata ko ma fiye, ba a sake farawa, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Wataƙila a yi miki faɗa, ki haɗiye, faɗan minti biyu ne. Mura, ɗan tari, ɗan zawo ko fitar haƙori ba su hana allura, ki kai shi su duba su yanke da kansu. Yaro mai tamowa ma shi ya fi buƙata.

In kin tafi wankan gida wurin iyayenki, ko damina ta kai ku gona, ko an yi ƙaura Konni ko Agadas ko Yamai, karne ya bi ki, kowace CSI za ta karɓa ta ci gaba. Masu zuwa ƙofar gida da ƴar kula suna ɗiga na shan inna suna shafa baƙi a ƙaramin yatsa, ki ba su yaron duk zuwan da suka yi ko da ya cika alluranshi, amma ki sani wannan ƙari ne, bai maye gurbin Penta ko ta ƙyanda ba. Mata da yawa na ce min "ai an yi mishi a gida", in na buɗe karne sai in ga daga BCG babu komai.

Karne kuwa ki adana shi kamar takardar fili. Nawa na ɗan fari gara ta cinye rabinshi a ƙasan akwati, na koma CSI aka yi ta juya babban rajista ana neman sunanshi da watan haihuwa, Allah ya sa aka samu aka sake cika min sabo, amma na ɓata yini guda. Tun daga nan leda nake sa shi in ɗaure, in rataye a ƙusa sama inda yara da ruwa ba su kaiwa. Duk ranar da aka yi allura, kafin in tashi daga benci nake cewa "Madam, ki faɗa min ranar dawowa da baki", in sa a ɗauki hoton shafin da salula, in tura ma babansu ko yana ƙasar waje, shi ma ya riƙe ranar. In ba ki karatu, ki sa ɗan makaranta na gidan ya karanta miki ranar, ku ƙirga Lahadi nawa ta rage, ki ɗaura ƙulli a zare ki riƙa kwance ɗaya duk ranar kasuwa.